Harajin Gado Da Makomar Gonakin Samaru Da Sabon Gari

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, tun daga watan Oktoba na shekarar 2024, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran dokokin haraji, wata magana ta cika masallatai da majalisu da kasuwanni a ƙasar Zazzau, daga Kasuwar Sabon Gari har zuwa Samaru, cewa gwamnati tana shirin sa hannu a cikin gadon mamata. Malamai sun hau mumbari sun yi kashedi, ƙungiyoyin Musulunci sun kai kokensu gaban majalisa, talakawa kuwa, musamman manoman da ba su mallaki komai ba sai gonar da suka gada tun kaka da kakanni, hankalinsu ya tashi matuƙa. Yanzu ƙura ta lafa, an sa wa dokokin hannu, kuma babu harajin gado a cikinsu. Wannan abin godiya ne ga Allah. To amma muna ganin kuskure ne babba a naɗe tabarmar maganar a nan, kowa ya koma barci yana ganin an ci nasara. Dalili kuwa shi ne, gonakin gado a Samaru da Sabon Gari suna ci gaba da salwanta kowace shekara, alhali babu wani jami'in haraji da ya taɓa su. Idan har da gaske mun tashi ne domin kare iyakokin Allah a cikin rabon gado, to wajibi ne mu tsaya mu tambayi kanmu: wane ne yake cinye gonar maraya?

Yadda maganar ta faro

Adalci ya wajabta mana mu faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru, domin Musulmi ba ya gina hujjarsa a kan jita-jita. Abin da ya jawo ce-ce-ku-ce shi ne wani sashe a cikin ƙudurin wanda ya yi magana a kan harajin kuɗin shiga na iyali, wato kuɗin da dukiyar iyali take samarwa alhali ba a tantance rabon kowane mutum a cikinta ba. Shugaban kwamitin da ya tsara ƙudurorin, Taiwo Oyedele, ya sha nanata cewa wannan ba harajin gado ba ne, kuma irin wannan tanadi yana nan tun a cikin dokar harajin kuɗin shiga ta 1993. Masu adawa kuwa suka ce, mece ce dukiyar iyali da ba a tantance rabon kowa ba, in ba gadon da ba a raba ba? Kuma ƙofar da aka bari a buɗe yau, wa ya san abin da zai shigo ta cikinta gobe? Majalisa ta saurari jama'a a watan Fabrairu na 2025, aka gyara lafazin sashen domin a fayyace cewa ba dukiyar gado ake nufi ba, sa'annan aka sa wa dokokin hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, aka kuma sanya 1 ga Janairu, 2026 ta zama ranar fara aiki da sabuwar dokar harajin.

Tsoron da jama'a suka ji yana da asali a tarihi. A shekarar 1979 gwamnatin soja ta kafa dokar haraji a kan dukiyar da take sauya hannu ta hanyar kyauta ko mutuwa, kuma ba a soke wannan doka ba sai a 1996. Kafin wannan, dattawanmu sun san ushira, wato kashi ɗaya cikin goma da ake cirewa daga dukiyar mamaci idan alƙali ya yi rabo. Idan muka ƙara komawa baya, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓe dukiyar wanda ya mutu a cikin nau'o'in zaluncin da sarakunan zamaninsa suke yi, tare da jangali da sauran kuɗaɗen da Shari'a ba ta ɗora wa kowa ba. Su kansu haraji da jangali sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna. Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka ba mu ga laifin wanda ya ɗaga murya ba.

Abin da ya faru a Ingila

A daidai watan da ake wannan muhawara a Nijeriya, irinta ta tashi a ƙasar Ingila, kuma a can harajin na gaske ne. A dokarsu, idan mutum ya mutu ya bar dukiyar da ta wuce wani adadi, gwamnati tana karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura adadin. Amma tun 1992 gonaki sun sami cikakken sassauci, manomi yana barin gonarsa ga 'ya'yansa ba tare da an karɓi komai ba. Ranar 30 ga Oktoba, 2024, ministar kuɗin ƙasar, Rachel Reeves, ta ba da sanarwar cewa daga watan Afrilu na 2026 cikakken sassaucin zai tsaya a kan fam miliyan 1, abin da ya haura haka za a biya kashi 20 cikin 100 a kansa, a cikin shekara 10. Dubban manoma suka yi zanga-zanga a Landan ranar 19 ga Nuwamba, 2024, daga baya kuma suka riƙa shiga birnin da taraktocinsu. Ba su sassauta ba har sai da gwamnati, a watan Disamba na 2025, ta ɗaga adadin zuwa fam miliyan 2 da rabi.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ya kamata mai hankali ya saurara. Gwamnati ta ce attajirai sun mayar da sayen gonaki wata hanya ta ɓoye dukiya daga haraji, wanda hakan ya sa ƙasa ta yi tsadar da matashi mai son noma ba zai iya saye ba. Manoma kuwa suka ce gona tana da tsada a takarda, amma abin da take bayarwa a shekara kaɗan ne, don haka duk magajin da aka ce ya biya irin wannan kuɗi, babu makawa sai ya yanki gonar ya sayar. Mun kawo wannan labari ne saboda hujjojin biyu duka suna magana a kan halin da muke ciki. Gonar da take bakin hanyar Zariya zuwa Sakkwato, a tsakanin Kwangila da Shika, kuɗinta idan an yanka ta fuloti-fuloti ya ninka abin da masarar cikinta za ta kawo a shekaru masu yawa. Masu kuɗi suna saye, magada suna sayarwa. Abin da haraji yake barazanar yi wa manomin Ingila, mu a nan muna yi wa kanmu shi da hannunmu.

Matsayin Shari'a

Babu wani babi a cikin hukunce-hukuncen dukiya da Allah (S.W.T) ya fayyace da kansa kamar babin gado. A Suratun Nisa'i, aya ta 7 ta tabbatar da cewa maza da mata duka suna da rabo a cikin abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. Aya ta 11 da ta 12 da ta 176 suka yanka wa kowa kasonsa: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Aya ta 13 da ta 14 suka kira waɗannan hukunce-hukunce iyakokin Allah, tare da alkawarin Aljanna ga wanda ya kiyaye su da narkon wuta ga wanda ya ƙetare su. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun jera haƙƙoƙin da suke rataye a kan dukiyar mamaci bi da bi: da farko haƙƙin da ya rataya a kan wani abu ayyananne, kamar gonar da aka ba da jingina, sai kuɗin yi wa mamaci sutura gwargwadon abin da aka saba, sai biyan basussukansa, sai zartar da wasiyyarsa daga sulusin abin da ya rage, sai magada. A cikin wannan jeri babu kason sarki, babu kason gwamna. Baitulmali ba ya shigowa sai inda aka rasa magajin da zai ɗauki dukiyar ko abin da ya saura daga cikinta.

Ba muna cewa duk wani haraji haramun ne ba. Imam Shaɗibi, a cikin Al-I'itisam, ya yi bayanin cewa idan baitulmali ya ƙare kuma buƙatar kare al'umma ta taso, shugaba adali yana iya ɗora wa mawadata abin da zai toshe buƙatar. Amma a lura da sharuɗɗan: shugaba ya zama adali, buƙatar ta zama ta gaskiya, a ɗora wa masu hali, kuma a tsaya gwargwadon buƙata. Ina waɗannan sharuɗɗa a kan matar da ke cikin takaba da marayun da ba su mallaki komai ba sai eka uku ta jigawa? Sa'annan a dubi hikimar Musulunci a cikin abin da ya wajabta wa manomi. Zakkar amfanin gona tana hawa ne a kan abin da aka girbe, idan ya kai nisabi, wato wusuƙi 5 ko sa'i 300: ushiri a kan noman damina, rabin ushiri a kan noman da aka sha wahalar ban-ruwa, kamar wanda ake yi da inji a fadamun Galma da Kubanni. Ana karɓa ne ranar da rumbu ya cika, a lokacin da manomi yake da abin bayarwa, kuma ita gonar tana nan a hannunsa. Harajin gado kuwa yana faɗowa ne a ranar da gida ya rasa jigonsa, kuma yakan ci asalin dukiyar.

Ga masu cewa harajin gado yana hana dukiya taruwa a hannun 'yan tsiraru, amsarmu ita ce Musulunci ya riga su sanin wannan cuta, kuma aya ta 7 ta Suratul Hashri ta yi nuni da ita. Ingila ta daɗe a kan al'adar da babban ɗa namiji yake gaje ƙasa shi kaɗai, shi ya sa manyan filaye suka taru a hannun gidaje kaɗan. Rabon gado na Musulunci yana warwatsa dukiyar attajiri a tsakanin mata da 'ya'ya da iyaye a kowane zamani, ba tare da kobo ya bi ta aljihun hukuma ba. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 277, ya amince da cewa gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi suna ƙarƙashin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Don haka muna kira ga wakilanmu da kada su yi sakaci, domin abin da aka cire a wannan majalisa ana iya dawo da shi a wata.

Halin da gonakinmu suke ciki

Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a farkon mulkin Turawa. Samaru kuwa ta yi suna ne saboda noma: a 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a can, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Ingantaccen irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga da manoman Arewa suke shukawa, da yawa daga cikinsu daga Samaru suka fito. A tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma na wannan cibiya, David Norman, ya zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau domin nazarin rayuwar manoma: Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa. Wato a wancan lokaci Hanwa ƙauyen manoma ce da ake zuwa a auna gonakinta. Duk wanda ya san Hanwa a yau ya san gari ya haɗiye ta. Hanyar da Hanwa ta bi, ita Palladan da Dogarawa da Zango suka bi, ita ce kuma Bomo da Basawa suke kai.

Wani ɓangare na wannan ƙasa hukuma ce ta karɓa domin makarantu da barikoki da hanyoyi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan magana ce mai zaman kanta da ta cancanci a yi mata sharhi dabam. Amma abin da ya saura a hannun jama'a, yaya yake fita? A da, uba da 'ya'yansa suna noma gandu tare, kowane ɗa yana da gayaunarsa a gefe, rumbu ɗaya yana ciyar da gida. Yau da zarar an dawo daga maƙabarta, kafin a share makoki, dillalan filaye sun fara kewaya gidan. Nan da 'yan watanni sai a ga an kafa turaku an yi awon igiya, gonar da ta ciyar da zuriya uku ta koma fuloti talatin, kuɗin kuwa ya ƙare a babur da biki da ɗinkin Salla.

Harajin da muka ɗora wa kanmu

Na farko shi ne jinkirin rabo. Sai mutum ya mutu a yi shekara goma, ashirin, ba a raba gadonsa ba, wai ana jin kunya, ko ana gudun a ce an ƙosa. Babban wa ya riƙe gona yana nomawa yana ci da iyalinsa, ƙannensa suna kallo. Kafin a farga wasu magadan sun mutu sun bar nasu magadan, lissafi ya koma abin da malamai ke kira munasakha, shaidun da suka san iyakoki sun ƙare. Abin mamaki, wannan dukiyar da ba a tantance rabon kowa ba, ita ce dai aka ji tsoron gwamnati za ta sa wa haraji. Da muna raba gado a kan lokaci, da tsoron ya ragu tun farko.

Na biyu, wanda ya fi kowanne muni, shi ne hana mata gadon gona. Har yau akwai gidajen da ake cewa mace ba ta gadon ƙasa, za ta kai wa miji, sai a sallame ta da tsofaffin kwanuka da 'yan kuɗin da ba su kai ushirin haƙƙinta ba. Matar mamaci kuwa, in an ba ta tumunin takaba, daga kayan ɗaki ake lissafa shi, gona ba ta shiga. Wannan jahiliyya ce tsantsa. Bayan yaƙin Uhudu, matar Sa'adu bn Rabi'i (R.A) ta kai ƙara wurin Manzon Allah (S.A.W) cewa baffan 'ya'yanta mata biyu ya kwashe dukiyar mahaifinsu, bayan saukar ayar gado aka umurce shi ya ba 'ya'yan sulusi biyu, ya ba uwarsu tumuni, shi ya ɗauki abin da ya rage. Gwamnatin Ingila kashi 20 cikin 100 ta nema aka cika Landan da zanga-zanga. Wanda ya hana ƙanwarsa gona kashi 100 cikin 100 ya karɓa, kuma a sahun gaba yake salla, wataƙila ma yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan harajin gado.

Na uku shi ne bidi'o'in mutuwa. Ana ɗibar dawa daga rumbun mamaci, a sayar da sa, wani lokaci a jinginar da gona, domin a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, alhali a cikin magada akwai jarirai da ba su san abin da ake yi ba, balle su yarda. Sunna ita ce maƙwabta su dafa abinci su kai wa gidan mutuwa, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W) ya yi umurni a yi wa iyalan Ja'afaru bn Abi Ɗalib (R.A). Mu kuwa mun juya al'amarin. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kamanta cin dukiyar marayu bisa zalunci da cusa wuta a ciki, kuma ba ta keɓe wanda ya ci ta da sunan sadaka ba.

Na huɗu shi ne husuma. Da zarar 'yan uba sun kasa zama a tabarma ɗaya, sai a tafi kotu: kuɗin shigar da ƙara, kuɗin lauya, kuɗin mota, kuɗin masu ƙiyasta dukiya, a ɗage yau a ɗage gobe, damina ta wuce gona tana kwance ba wanda ya isa ya sa mata garma. A ƙarshe a sayar da ita, dillali ya cire la'adarsa, 'yan'uwan da suka sha nono ɗaya su daina gaisawa. Idan aka tara waɗannan huɗun aka auna, wace gwamnati ce ta taɓa karɓar kwatankwacinsu?

Shin rabon gado ne yake kashe gona?

Wasu 'yan boko suna cewa tsarin gadon Musulunci ne yake daddatsa gonaki har su kasa ciyar da kowa. Bai kamata mu guje wa wannan tambaya ba. Mu ɗauki misali: mutum ya mutu ya bar eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi. Matarsa tana da tumuni, eka 1. Eka 7 da ta rage, kowane namiji eka 2, kowace mace eka 1. Idan ɗaya daga cikin mazan ya mutu ya bar iyali irin na mahaifinsa, matarsa za ta sami rubu'in eka, kowane ɗa rabin eka, kowace 'ya rubu'in eka. A zuriya biyu kacal, eka 8 ta koma gutsattsarin da tarakta ba za ta iya juyawa a cikinsu ba. Lissafin gaskiya ne. Kuskuren yana cikin zaton cewa raba haƙƙi daidai yake da yayyanka ƙasa. Abin da Allah ya wajabta shi ne kowane magaji ya san kasonsa kuma ya mallake shi. Yadda za a sarrafa gonar bayan haka, fiƙihu ya buɗe ƙofofi da dama waɗanda muka jahilta.

Akwai tarayya: magada su bar gonar a dunƙule, a rubuta kason kowa, wanda ya iya noma ya noma ta bisa haya ko bisa yarjejeniyar raba amfani, kowace kaka a ba kowa rabonsa, har da 'yar da take aure a Kano ko Kaduna. Akwai rabon amfani, wanda Malikiyya suke kira muhaya'a, inda abokan tarayya suke karɓa-karɓar amfani da abu alhali asalinsa yana nan. Akwai takharuji, wato wani magaji ya karɓi kuɗi ko wata kadara da yardarsa ya bar wa sauran kasonsa, kamar yadda magadan Abdurrahman bn Aufu (R.A) suka yi da matarsa Tumadir a zamanin Halifa Usmanu (R.A), sharaɗi shi ne a yi ƙima ta gaskiya bisa farashin ranar, ba tare da tursasawa ko ɗora kunya ba. Akwai shufu'a: idan wani magaji ya sayar wa bare da kasonsa kafin a raba ƙasa, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin karɓar kason a kan kuɗin da aka saya. Wannan babi yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin da ake karantawa a zaurukan Zariya, amma mutum nawa ne suka taɓa neman haƙƙinsu da shi? Akwai kuma hubusi, wato waƙafi: Sayyidina Umar (R.A) ya tsare asalin gonarsa ta Khaibara ya yi sadaka da amfaninta bisa shawarar Manzon Allah (S.A.W). Mutum yana iya yin haka ga zuriyarsa yana da rai da lafiya, matuƙar ya fitar da gonar daga hannunsa kuma bai mayar da hubusin dabarar hana 'ya'ya mata ba, domin malamanmu sun yi kashedi mai tsanani a kan wannan.

Kiranmu

Ga malamai da limamai: wutar da kuka hura a kan harajin gwamnati, ku hura irinta a kan masu danne gadon mata da marayu, ko da su ne suke gina masallatan. A mayar da ilmin rabon gado cikin darussan tsakanin Magariba da Lisha, a koyar da shi a makarantun Islamiyya na matan aure, domin macen da ta san tumuninta da rabinta ba a sallamarta da kwano.

Ga rassanmu na Samaru da Sabon Gari da kewaye: kowane reshe ya kafa kwamitin gado da sulhu, wanda ya ƙunshi malami masanin rabo, da dattijon da ya san iyakokin gonaki, da mai ilmin awon ƙasa, su yi aiki saboda Allah ba tare da karɓar kaso daga dukiyar mamaci ba. Kada kwamitin ya bari a taɓa rumbu ko gona kafin a biya bashi a tantance magada, kuma ya riƙa gabatar wa magada hanyoyin da muka ambata kafin dillali ya riga shi. Muna da ɗalibai da malaman aikin gona da na shari'a a jami'ar da ke maƙwabtaka da mu. Wannan fage ne da za su bauta wa Allah da iliminsu.

Ga magidanta: ku rubuta abin da kuka mallaka da abin da ake binku da wanda kuke bi, ku nuna wa 'ya'yanku iyakokin gonaki a gaban shaidu, ku nemi takardar mallaka daga hukumar filaye ta jiha, KADGIS, tun kuna da rai. Ku sani babu wasiyya ga magaji, kuma Manzon Allah (S.A.W) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu bn Bashir (R.A) ya keɓe shi da ita ban da sauran 'ya'yansa.

Ga hukuma kuwa: tunda an tabbatar wa jama'a cewa babu harajin gado, to a tsaya a kan haka, a sauƙaƙa kuɗin rajistar gonakin gado da kuɗin rabo a kotuna, a kuma keɓe fadamu da sauran ƙasar noma da ta rage daga masu yanka fuloti.

Ga wanda yake riƙe da gonar da ya san akwai haƙƙin ƙanwarsa ko na ɗan ƙaninsa maraya a ciki, muna tunatar da shi cewa ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar ƙiyama. Damina tana zuwa tana wucewa, kuma kowane buhun da ya fito daga wannan gona ana rubuta shi. Ya kira masu haƙƙi ya ba su abinsu tun yana da ikon bayarwa.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata. Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana ƙasa, ya sa mu miƙa ta ga na bayanmu da halal.